Injin Baba Ndagi

Daren Laraba kogin Kaduna ya taso,
ya tsinke ɗaurin jirginmu a mashigin Kabala,
ya kifa shi kamar ƙwaryar da aka gama wankewa.
Kwana biyu injin na kwance a laka.
Ni da Sallau muka ciro shi muna nishi,
ruwa na tsiyaya ta kowace kafa,
har da ɗan tarwaɗa a cikin murfi, ya ƙi fitowa.

Baba Ndagi na kan turmi a inuwar ɗorawa.
Shekara uku ke nan da idonsa ya rufe,
kunnen ne bai ajiye aiki ba.
Ya ce, "Kada ka yi garajen tayarwa.
Wanda ya nutse ba a tambayarsa labari,
amai ake sa shi tukuna."

Na kwance fulogi da sifanar da lambarta ta goge,
muka juya shi kai ƙasa,
na ja igiya sannu, kamar mai jan guga a rijiyar maƙwabta.
Ya amayo ruwa ja, irin jiƙon kanwa.
Na ɗura masa fetur da baƙin mai, ya furzar.
Na sake. Na kuma sakewa.
Cikin kafireta yashin da na tarar
ya isa a yi wa tururuwa daɓe.
Fulogin kuwa, Kande mai gasa kifi ta ara mini gefen garwashi,
ta ce in ya tashi, ƙetarewarta kyauta ce har badi.

Muka tsoma ƙafarsa a durom.
Ja na fari, shiru.
Na bakwai, shiru, sai kafaɗata ke amsawa.
Sallau ya fara lissafin kuɗin sabo.
Baba ya karkata kai, ya ce, "Ka cika masa ciki, ya ƙware.
Buɗe masa wuya, ka ja kamar kana bin sa bashi."

Ya yi tari.
Ya yi shiru, har na ji kukan belbela a tsallake.
Ya sake tari, ya kama,
shuɗin hayaƙi ya tashi ya kori ƙudajen Kande.
"Yana fitsari?" in ji Baba.
Na duba, ga zaren ruwa na tsartuwa ta baya.
"To ya rayu. Bar shi ya yi gumi."

Da la'asar ta sunkuyo ya ce, "Zare tiyon mai."
Na ce, Baba, wuni guda muna tashinsa!
Ya ce, "Dubi kogin, kai mai ido.
Nan da sanyi duwatsu za su fito shan rana,
mutane su naɗe wando su haye da ƙafa,
wa zai biya ka?
Mun tashe shi ne don ya kwanta da tsabta.
Ba a barci da ruwan wani a ciki."

Na zare. Ya cinye abin da ya rage a maƙoshinsa,
ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke don kansa.

Man giya ya fito fari kamar kunun gyaɗa, na canja.
Na warware zaren koma daga wuyan farfela,
na shafe ta da giris har gwiwar hannuna ta samu rabo.
Cokalin mai ɗaya a silinda, maganin tsatsa.
Ƙaramar kafar nan na toshe da tsinke,
don zanzaro ba ya neman izinin gini.
Muka rataye shi tsaye a shago, nesa da haƙorin ɓera,
muka lulluɓe da buhu, ban da leda, leda na sa zufa.

Baba ya lallaɓo da sanda,
ya zura tafinsa ƙarƙashin buhun.
Da sauran ɗumi.
Ya daɗe a haka bai ce komai ba,
sannan ya ce, "Ruwan fari, in ina nan, ku kira ni.
In ba na nan, fulogi za ka fara dubawa."