Falle Bakwai a Punta Arenas

Kakana, Eleuterio Barría,
a firij yake ajiye fim ɗinsa,
tsakanin man shanu da ragowar kifi.
Falle bakwai suka rage,
kowanne ya kai faɗin littafin makaranta.
Kantin da ke sayar masa ya koma gidan sayar da waya.

Ranar Lahadi muka sauka bakin mashigin ruwa,
shi da akwatin katako mai zugazugi,
ni da ƙafafun nan uku a kafaɗa.
Iskar garinmu ba ta san girman tsoho ba.
Sau biyu ta fizge baƙin mayafin,
sau biyu na bi shi da gudu cikin tsakuwa.

Kafin ya gama ɗaure kusoshi
na ɗauki hoto tamanin da wayata.
Ban duba ko ɗaya ba.

Ya ce, zo ki leƙa.
Na cusa kai cikin duhu mai warin taba da tsohon ulu.
A kan gilashin, teku na rataye a sama,
jiragen kamun ƙaguwa sun yi kwanan jemage,
Don Nibaldo mai gyaran raga
yana tsaye bisa kansa, bai sani ba.

Muka jira.
Gajimare ya zo, ya yi zamansa, ya tashi.
Yatsuna suka daina jin sanyi.
Can ya ce wa Nibaldo, riƙe numfashinka.
Ƙyas.
Shi ke nan. Saura shida.

Da dare, a banɗakin da ya toshe tagarsa da bargo,
hannunsa ya yi rawa, ruwan magani ya fantsama.
Ni na karɓi farantin.
Ina girgizawa a duhu, yana ƙirga mini daƙiƙa
da muryar da yake addu'a da ita.

Da muka kunna fitila
sai ga kowane zare na ragar nan,
har tabon ƙugiya a babban yatsan Nibaldo.
Gefe guda ya ɗan dushe. Aikin iska ne.

Ya ce, idan shidan sun ƙare, na ƙare.
Ban tanka ba.
Bayan ya yi barci na buɗe wayar nan da yake harara,
na sami wasu mutum uku a wata ƙasa mai nisa
da har yanzu suke shafa azurfa a kan leda.
Kwali ɗaya, albashina na mako biyu.

Sun ce sai nan da wata uku zai iso.
Na matsar da man shanu gefe.