Jar Mota

Shekara goma sha ɗaya ina wanke jar mota
wadda ba ta taɓa ganin wuta ba.
Da safe bokiti da soso,
da yamma dara a ƙarƙashin rumfa,
ni da Ɗantala da Bulus mai tari.
Matata kan ce albashin zaman jira nake ci.
Ban taɓa musa mata ba.

Ran nan hadari ya haɗo daga gabas tun la'asar,
baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Ya haɗiye Rigasa, ya haɗiye Mando,
kafin magariba ya iso kanmu.
Ruwan Agusta, wanda ba ya sallama.
Fitilun titin jirgi suka dushe
kamar idon mage a ƙasan rijiya.

Mun ji shi kafin mu gan shi.
Na Legas ne, ya makara da awa biyu.
Ya sauko, ya taɓa ƙasa
can gaba da inda suka saba taɓawa.
Bulus ya ajiye kofin shayinsa, bai ce uffan ba.
Tayoyi na neman kwalta,
ruwa ya shiga tsakani ya hana su gaisawa.
Ya wuce mu yana kururuwa,
ya wuce fitilar ƙarshe,
ya wuce inda titi ya ce iyakata ke nan.
Sai ciyawa.

Jiniya.
Ban san sa'ad da na sa hular kwano ba.

Muka tarar da shi a durƙushe, hanci a taɓo,
kamar san noma da ya ce ya gaji.
Tayar gaba ta nutse har wuya.
Taku ashirin ya rage masa ya kai shinge,
bayan shingen kuwa masarar wani ce, ta yi goyo,
tana ta rausaya abinta.

Na riƙe mesa, hancina na farautar warin mai.
Ƙofa ta buɗe, tsanin roba ya kumbura ya faɗo,
mutane suka fara zubowa.
Wani mai babbar rigar shadda, ba hula, ba takalmi.
Wata 'yar bautar ƙasa tana kiran Yesu,
tsohon da ke gefenta yana salati,
hannunsu a sarƙe,
ba wanda ya san wa ya fara kama wani.
Wata Hajiya Lantana ta toge a bakin ƙofa
tana rantsuwa ba inda za ta
sai da jakar maganin mijinta.
Ɗantala ya hau ya ɗauko jakar, ya ɗauko Hajiyar.

Muka ƙirga su a cikin ruwa: ɗari da huɗu.
Muka sake ƙirgawa, don baki bai yarda da ido ba.
Ɗari da huɗu.

Matuƙin ne ƙarshen fitowa.
Ya zauna dirshan a ciyawa yana kallon tafin hannunsa
kamar aron su aka ba shi.
Ya tambaye ni ƙarfe nawa.
Ga agogo ɗaure a hannunsa.

Wuta dai ba ta zo ba.
Ruwan tankinmu yadda muka kai shi haka muka dawo da shi,
sama ta riga mu aiki.

Da na shiga gida, tsakar dare ta gota,
matata ta ɗaga kai daga filo:
"Yau ma zaman ne?"
Na ce, "Yau ma ban kashe wuta ba."
Na tsaya a kan yaranmu suna barci, na ƙirga su.
Su uku ne. Na sani. Na ƙirga.

Da safe na ɗauki bokiti da soso.
Karon farko da na samu taɓo a jikin motar,
jan taɓo, har kan madubi.
Na daɗe kafin in sa mata ruwa.

A matakalarta na tsinci takalmin yaro, ƙafar hagu,
shuɗi, mai fitila a dunduniya.
Yana nan a gaban sitiyari, mako uku ke nan,
ba wanda ya zo nema.
In na taka burki
sai ya ƙyafta.