Lissafin Ƙarshen Wata

Gado ashirin da biyu gare mu a Gyallesu,
ni ce mai riƙon littafi.
Ƙarshen wata nakan jira tari ya lafa a ɗakuna,
in kunna fitilar caji, in buɗe shi kan teburin magani.

Shida na waɗanda 'ya'yansu suka yi nisa.
Kuɗinsu kan riga tambayata isowa,
waya ta yi ƙara, in aika a sayo dizal.
Hajiya Lantana, ɗaki mai fanka biyu,
ɗanta likita ne a ƙasar sanyi,
bai taɓa makara da biya ba,
bai kuma taka ƙofar nan ba shekara uku.
Ita ba ta san kuɗin ɗakinta ne
ke sayen ƙunzugun Baba Barau ba.

Tara na 'yan fansho.
Malam Tanimu ya ba jirgin ƙasa ƙuruciyarsa duka,
yanzu haƙƙinsa na tafiyar jirgin kaya:
a ji kukansa daga nesa, a gaji da leƙe.
Aka ce a kawo shi tantancewa,
muka naɗe keken guragu muka nufi Kaduna
don ya nuna musu yana numfashi.

Huɗu na inshora.
Takarda nake aikawa, takarda ke dawowa:
sun yarda da maganin hawan jini,
ba su yarda da hannun da ya ba da shi ba.

Saura uku.
Ɗaya zakkar 'yan kasuwar Sabon Gari ke riƙe da shi,
zakka sau ɗaya a shekara, ciki kuwa kullum.
Ɗaya matan majami'ar Wusasa,
buhun masara da sabulu.
Na ƙarshe Baba Barau.
Wanda ya kawo shi ya ce zai je ya dawo.
Damina biyu ke nan.

Mai gidan, Alhaji Mahadi, ba mugu ba ne.
Ya zo da jan biro, ya bi layi da yatsa.
"Asabe, rijiya ma in ba ta samun ruwa ƙafewa take.
Duk gadon da ya samu, ki ba mai biya.
In shida suka zama tara, gidan ya tsaya da ƙafarsa."
Ban yi musu ba.
Ladi mai wanki wata biyu rabin albashi take karɓa,
mai kantin magani na Tudun Wada
ya fara amsa gaisuwata yana kallon bango.

Ranar Talata da asuba Goggo Kande ta cika.
Kafin azahar mun shanya katifa,
kafin la'asar mutum biyu na zaune a benci.
Wata daga Abuja, don mahaifinta,
da kuɗin wata shida a jaka.
Gefenta tsohuwa da sanda da ƙaramin akwati,
jikanta na riƙe da katin fansho.

Na gane ta tun kafin ta ɗago.
Malama Dije, aji uku, firamaren Tudun Jukun,
ita ta koya mini cewa
ba a cire tara daga uku
sai an aro ɗaya daga maƙwabci.
Shekara goma sha ɗaya da wannan karatun nake ciyar da gidan nan.
Yau na duba maƙwabci, ba abin aro.

Na durƙusa na yi mata bayani, ban ɓoye komai ba,
har littafin na nuna mata.
Ta gyara tabarau, ta bi layin da yatsa,
leɓenta na motsi.
Ta ce, "Lissafinki daidai ne."

Na rubuta sunanta a saman jerin masu jira,
da fensir.
Ban tambayi kaina gadon wa nake jira mata ba.
A ɗaki na huɗu Malam Tanimu ya sake tari,
na tashi na kai masa ruwa.