Kafin Kifi Ya Ji Rana

Ƙarfe huɗu na asuba, Dadin Kowa na barci,
ni da tocila a baki na durƙusa gaban tsoho.
Ba gaisuwa ta kawo ni ba, tambayoyi ne.

Mitarsa ta mutu shekarar da aka haifi Daso,
ta tsaya a dubu casa'in da bakwai da 'yan kai.
Yau Daso tana aji huɗu, tana gyara mini lissafi.
Sauran tafiyar da muka yi, a tambayi ƙuguna.

Na fara da baƙin mai.
Na zaro sanda, na shafa a yatsa, na murza, na sunsuna.
In na ji shi kamar garin da ba a tankaɗe ba,
in yana ƙaurin tukunyar da aka manta a murhu,
yau ba inda za mu sai an juye.

Sarƙa kuwa, yatsa ɗaya nake sa mata,
ta ɗaga kaɗan ta koma.
In ta saki jiki, a hawan Kwadon za ta fice,
in ta ɗaure fuska, haƙoran da ke jan ta za ta cinye.
Halinta halin surukai ne, a bi ta tsaka-tsaki.
Na ɗiga mata mai da gashin kaza.

Fulogi ba ya ƙarya.
Launin soyayyiyar gyaɗa, lafiya lau.
Baƙi da danshi, injin ya fara sha a ɓoye.

Sai in ɗauki sifana in bi wayoyin taya,
ɗaya bayan ɗaya, ƙwas, ƙwas,
yadda Inna ke ƙwanƙwasa tukunya kafin ta taya.
Mai lafiya tana amsawa da zaƙi,
mai ciwo sai ta yi gum.
Yau biyu sun yi gum, na ƙara musu ɗauri.

Hammayo bakanike, da ke bakin tasha,
shi ya ce mini, hannunsa duk giris:
"Babur ba ya mutuwar fuju'a, Bappah.
Yakan yi wata guda yana faɗa maka,
kai ne kake sauri."

Na yi saurin sau ɗaya.
Ranar wata Talata na ga tayar baya ta yi sanƙo,
na ce ta kai ni yau, gobe na saya.
Ta kai ni Liji, ta fashe.
Mai faci bai fito ba sai hantsi.
Kwando biyu na tarwaɗa da karfasa,
ƙuda ya riga Hajiya Dudu tayawa.
Ta ɗaga buhu, ta toshe hanci, ba ta ce komai ba.
Wata biyu ina biyan masunta.
Kuɗin taya nawa ne?

Tun ranar nake matsa birki kafin in hau,
na gaba, na baya,
in girgiza kai in ji ko boris ya yi wasa,
in danna kujera in ga ko za ta dawo da mutunci,
in leƙa ƙasa, ko ya yi fitsarin kwance.

Yaron maƙwabcina ya ciro sabo a kan bashi,
ja wur, da leda a jiki.
Yana wuce ni yana hon.
Allah ya sa ya biya lafiya.
Nawa fenti ya bar shi, tankin da tabo,
amma na san tarinsa kamar na mahaifina.

Na taka sau ɗaya, ya yi gyaran murya.
Na biyu, ya tashi.
Na koma baya na haska bakin salansa:
hayaƙi shuɗi-shuɗi, kaɗan, bai kai na jiya ba.
Ringi ne, na sani. Ka yi haƙuri, tsoho,
bayan kasuwar Juma'a za mu ga Hammayo.

An kira salla. Masunta sun fara fitowa daga dam.
Ɗaura kwandon da kyau, Daso,
igiyar roba biyu, ba ɗaya ba.
Gombe na jira.