Akwatin Fulgencio

A Valparaiso, can saman tudu,
inda gidajen kwano ke leƙen teku,
Ismenia ta hawo matakala ɗari da sha bakwai
rungume da rediyo cikin bargo,
kamar mai kai jinjiri asibiti.

"Na Fulgencio ne," in ji ta.
"Shekara tara bai ce uffan ba.
Mai shi ma haka."

Maigidana Eleuterio bai tanka ba.
Ya kwance ƙusoshi huɗu na baya,
ƙura ta taso da warin tsohon katako.
Ga ƙwayayen gilashi biyar a tsaye
kamar ɗaliban da aka manta ba a sallama ba.

"Hannu ɗaya a aljihu, yaro.
Maciji ko ya mutu, ba a sa masa yatsa a baki."
Ya sauke wutar da ta maƙale a kwandansa,
ta ce tas! Na ja da baya.

Muka ba shi lantarki kaɗan-kaɗan
yadda ake ba majinyaci romo.
Huɗu suka yi ja kamar garwashi.
Na biyar shiru, kansa fari fat,
iska ta shige shi, ya daɗe da mutuwa.
Muka tono ɗan'uwansa a gwangwanin biskit.

Sai gurnani.
Ba magana, ba kiɗa,
wani ruri mai sa haƙora kaɗawa.
Maigida ya bi waya ɗaya bayan ɗaya,
idonsa kan allurar mita, bakinsa na lissafi.
Wata kwandansar takarda ta yi gumin kaki,
wata kuma gishirin teku ya cinye mata ƙafa.
Darma ta narke, hayaƙi ya cika mini ido,
na ƙona babban yatsa, ban faɗa ba.

Zaren da ke jan allurar tasha kuwa
ba na kamfani ba ne.
Igiyar fatsa ce, da ƙulli irin na masunta.
Na ɗauko almakashi, ya riƙe mini hannu:
"Abin da bai lalace ba, ba ruwanmu da shi."

Ran Alhamis ta dawo.
Muka kunna, muka jira ya ɗumama,
don tsoho ba ya amsa kira da gaggawa.
Can sai murya: ƙwallo, farashin kifi, ruwa gobe.
Ta murɗa, ta wuce su duka,
har wani ɗan zanen fensir a gefen gilashi.
Babu kowa a wurin. Sai shuuu.

"Tashar nan ta rufe tun ina da gashi,"
in ji maigida, yana shafa sanƙo.

"Na sani.
Bayan an rufe shiri, da wannan yake barci,
ni kuma in tashi in kashe."

Ta ƙirga kuɗi a kan tebur, ta ninke bargon.
Ni na sauke mata shi har ƙasa,
katakon da sauran ɗumi a ƙirjina.