Wuta Ta Dawo

Sana'ata tura waƙa a waya, rumfata bakin Kasuwar Daji,
hamsin-hamsin nake karɓa, mai ɗaukar goma in yi mai ragi.
Ran wata Laraba ga Zayyanu, jita a baya kamar goyo,
ya aje memori bisa tebur: "Kawu, ga namu, sa ka ji."

Su huɗu ne. Shi, da Sirajo mai ganguna,
da Marwana dogo, mai jitar nan mai kaurin murya,
da Ikenna haifaffen Mabera, wanda Sakkwatancinsa ya fi nawa,
ya gaji tsohon fiyano mai cin batir shida,
maɓalli biyu sun mutu tun ba a haife shi ba.
A garejin babansa suka ɗauka, cikin warin baƙin mai,
wata bakwai, ba kamfani, ba ubangida,
in janareta ya yi tari a koma farko.

Waƙa tara. Na danna.
Fiyano ya fara tsiwa kamar kanari ya haɗiyi waya,
ganga ta kwasa kamar ɗan kabu-kabu ya hango hadari,
jita na tsallen ɗan akuya da safe.
Na san wannan ɗanɗano:
kaset ɗin Turawa masu gashi tsaye
da nake gogewa a shagon maigidana ina yaro,
ba mai saye, sai ni da gizo-gizo.
Amma bakin namu ne:
farashin albasa, bashin mai shayi, zafin Afrilu,
da wata a Runjin Sambo da ba ta ɗaga waya.

Makon farko mutum uku.
Ɗaya ya dawo kafin la'asar:
"Goge min wagga hayaniya.
Ba kalangu, ba kirari, to wa aka yabo ciki?"
Mai shirin yamma a rediyo ya sa rabin guda,
ya ce yara sun yi ƙoƙari,
irin ƙoƙarin da ake faɗa wa wanda ya faɗi jarrabawa.
Ɗalibai biyu suka taho daga Dundaye,
wannan ya ce kwaikwayo ne, rigar aro,
wancan ya ce sabuwar hanya ce aka share.
Suka cinye mini inuwa har magariba,
ba wanda ya ciro hamsin.

Tsoho Ɗanjumma, da ya shekara arba'in da kotso a hammata,
ya saurara ido rufe, goro a kunci.
"Yaron ga na gaggawa," in ji shi,
"amma hannunai bai ƙarya."
Ya tofar, ya tafi.

Uwar Sirajo ta aiko ƙanwarsa da waya a ƙullin gyale:
a sa mata duka tara, kuma kada ya ji.

Sai daren da wuta ta dawo Gawon Nama
bayan kwana goma sha ɗaya.
Wanzamin bakin titi, hannu na rawa,
ya laluba ya saki ta huɗu da ƙarfi.
Ihun yara ya faɗa daidai kan amshi
kamar tare aka yi gwaji a garejin.
Wani da rabin aski ya miƙe da tawul a wuya.

Da safe layi har wurin mai kankana.
Ba su san sunanta ba:
"Sa min wadda aka tsalle."

Na ƙirga a littafi, ɗari biyu da sha uku.
Na ware kason Zayyanu, bai kai kuɗin tsarkiya biyu ba.
Ya karɓa yana dariya, ya tsaya bakin ƙofa:
"Kai fa, Kawu? Mi ka gani?"

Na ce ni ɗan kasuwa ne, ban da ra'ayi.
Bai kalli fuskata ba.
Ƙafata yake kallo, ƙarƙashin tebur.