Hanjin Karfasa

A bakin tafkin Kware na yi wayo,
nan Gwaggo Tumba ke gyaran kifi,
wuƙarta ta side har ta koma tsinke,
ƙuda na bisa, mage na ƙasa,
ni ko ina riƙe da ƙwaryar ruwa.

Ran nan ta tsaga cikin karfasa,
ta kamo bakin hanjin da farce,
ta ce, "Riƙa nan, Namakka, ja da baya."
Na ja, yana ta warwara kamar zaren mazari,
kore, siriri, ba shi da niyyar ƙarewa.

Kifin da bai wuce taƙi guda ba!
Muka auna, kamu uku har da ɗori.
"Mi kag gani?" in ji ta. "Wanga talakka na.
Gansakuka shika ci, da laka, da ɗiyan haki,
abin da ba mai, ba jini,
sai an ba shi hanya mai nisa
kana shi yarda da narkewa."

Ta tura yatsana can cikin maƙogwaro,
na ji kaushi sama, na ji kaushi ƙasa.
"Dutcin niƙa na," ta ce, "da ɗa nai.
Mu namu tsakar gida, shi nashi ga wuya."
Ta buɗe kumatun, ga jan mataji,
ruwa ya wuce, tsaki ya tsaya,
rariya ce da ba ta san hutu ba,
dare da rana tana tacewa.

Ɓurdo kuwa leɓe aka ba shi,
yana suɗe dutse kamar yaro da tukunya.
Cihaki in ambaliya ta hau fadama,
shiga burugu yake kamar tunkiya,
ya yi kiwonsa ba makiyayi, ba sanda,
ba mai gona da zai kai ƙara gun Sarkawa.

Sai ta jawo tsage daga ƙasan kwando,
haƙora a waje kamar ƙayar aduwa.
Hanjinsa ko tsawon jikinsa bai kai ba.
"Ɗan fashi na," ta ce. "Loma guda, ya gama.
Amma ran da ba wanda za shi kamawa?"

Na ce ta ba ni wuƙar in gwada.
Na yi gaggawa, na huda matsarmama,
koren ruwa ya bi tsokar ya ɓata.
Ba ta yi faɗa ba. Ta gasa shi dabam,
ta aje gabana da gishiri ɗan kaɗan,
ta zauna tana kallo har na gama haɗiyewa.

Yau ba haƙori ko guda a bakinta,
gumba take jiƙawa tun da hantsi.
Ni ina birnin Shehu, albashi na gajarta,
rabin wata kwaɗon rama ne da tafasa.
Ina tauna a hankali, ina tuna zaren nan,
da ɗacin da har yau bai bar harshena ba
in na ga karfasa a kasuwa.